Bayanin Gauraki Biyu da Abin da Ya Same Su

Ku sani, matafiyin da ya tashi daga Kwangila ta Zariya, ya bi hanyar Kano har fadamun Haɗeja da Nguru, da wuya ya ga gauraka a jeji yau, alhali kuwa dā garke-garke suke kiwo a ƙasar Arewa.

Gauraka iri biyu ne, dangin juna. Na farko shi ne namu, mai baƙin wuya, mazauninsa tun daga Sanagal har Habasha. Na biyu mai wuya ruwan toka, da jar tsoka tana reto a maƙogwaronsa, yana gabashi da kudancin Afirka, shi ne a tutar Uganda tun 1962. Dukansu suna da tukku kamar zinariya, suna kwana bisa itace, suna sheƙa cikin ciyawar fadama da damina.

Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke ƙarewa, ta sa namu cikin masu rauni a 2010. Na Uganda kuwa ta sa shi a matakin da ya fi wannan tsanani a 2012. Amma a Nijeriya namu ya kusa ƙarewa, sai 'yan kaɗan wajen Tafkin Chadi.

Dalili biyu ne. Na ɗaya, fadama ta ƙanƙance, saboda farin 1973 da na 1984, da madatsun ruwa irin na Tiga. Na biyu, kamu da sayarwa. Attajiri ya sayi gauraka, a yanke masa fiffike, ya zama ado a tsakar gida, ga shi kuwa da wuya ya hayayyafa a tsare. Ashe kowane ɗaya da aka saya, zuriya guda aka yanke.

To, a dubi Ruwanda. A 2014 wani likitan dabbobi, Olivier Nsengimana, ya soma karɓo gauraki daga gidaje yana mayar da masu lafiya dajin Akagera. A ƙidayar 2017 an sami 487, a ta 2022 sun haura 1,000.

Saboda haka maganin yana hannun mai saye. In fatake suka ƙi ɗauka, attajirai suka ƙi taya, maharbi zai naɗe tarkonsa. Abin da ya yiwu a Ruwanda ba zai gagari Arewa ba.

Tamat.