An yi wa katin hoto filashin, allo ya yi baƙi: ta ina za a fara?

Tun da muka saka bidiyon gwajin RX 580 na hannu, tambaya ɗaya ke ta maimaituwa: mutum ya canja BIOS ɗin katinsa don ya ƙara masa gudu, yanzu kwamfuta ba ta nuna komai, shin katin ya mutu ke nan? A yawancin lokuta bai mutu ba. Kuma kafin ka ɗauki sukundireba, abin da ya kamata ka lura da shi guda ne: a wane lokaci matsalar take bayyana? Kafin tambarin kwamfuta ya fito, ko bayan Windows ta buɗe, ko sai ka shiga gem? Amsar ita ke nuna inda cutar take.

BIOS ɗin kati yana zaune ne a wani ɗan guntu mai ƙafa takwas a jikin allon katin. A ciki aka rubuta gudun GPU, boltej ɗin da za a ba shi, iyakar wutar da zai ja, yadda za a yi magana da memori, da tsarin ramukan HDMI da DisplayPort. Filashin wannan rubutun kawai yake canjawa. In rubutun ya lalace, katin ya rasa yadda zai tashi, amma kayan jikinsa na nan lafiya. Shi ya sa wanda ya ajiye BIOS na asali da GPU-Z kafin ya taɓa komai ya riga ya yi rabin gyara. Wanda bai ajiye ba sai ya nema a rumbun BIOS na TechPowerUp, kuma a nan ne ake yawan faɗawa rami.

Sunan kati kaɗai bai isa ba. Katuna biyu masu suna ɗaya daga kamfani ɗaya suna iya zuwa da memori daban, wani Samsung, wani Hynix, wani Micron. In BIOS ɗin da ka saka bai san memorin da ke jikin katinka ba, fanka za ta yi ta juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Ga kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, da aka yi don kasuwar Sin: sunansa 580, amma sassan lissafinsa 2048 ne kamar na RX 570, alhali 580 na gaske yana da 2304. Irinsa sun cika shagunan intanet masu araha, kuma BIOS na 580 na gaske ba nasa ba ne.

To, allo ya yi baƙi tun daga kunnawa. Fara da abu mai sauƙi: gwada kowane rami, domin BIOS na wani kamfani kan kashe rami ɗaya ya bar sauran. Sai ka duba gefen katin ko akwai ɗan makunni. Katuna irin su Sapphire Nitro+ suna da BIOS biyu. Kashe kwamfuta, tura makunnin ɗaya ɓangaren, kunna. In ta tashi, kana cikin Windows sai ka mayar da makunnin kan wanda ya lalace, ka rubuta na asali a kansa.

In babu makunni, kana buƙatar wani ido. Jona monita a jikin madabod in furosesarka tana da nata sashen hoto, ka shiga saitin madabod ka sa shi ya zama na farko. Intel masu harafin F ba su da shi, haka Ryzen na soket AM4 waɗanda ba su da G, don haka sai aron kati wurin aboki. Da Windows ta buɗe, umarnin amdvbflash -i zai jero katunan da ya gani da lambobinsu. Kalli lambar nan sau biyu. In katin aron ma na AMD ne, kuskuren lamba ɗaya zai sa ka koma da matattun katuna biyu, ɗaya ba naka ba. A ɓangaren Nvidia, NVFlash ke wannan aikin.

Akwai lokacin da manhajar ba za ta ga katin ba sam. A nan masu gyara kan haɗa ƙafa ta 1 da ta 8 na guntun BIOS yayin kunnawa. Dalili shi ne ƙafa ta 1 ita ke gaya wa guntun ana magana da shi, ta 8 kuma ita ce ta wuta. In an haɗa su, guntun ya yi shiru, katin ya tashi bai karanta gurɓataccen rubutun ba, sai a raba su a yi filashin. Yana aiki, amma ni ba na son sa ga wanda hannunsa ke rawa, domin ƙarfe na zamewa ya taɓa maƙwabci an shiga wani babi. Na fi son ɗan na'urar CH341A da maƙalinta, wadda ke rubutu kai tsaye a guntun, kati na kan tebur ba wuta. Sai dai karanta lambar da ke jikin guntun tukuna: wasu 3.3V suke so, wasu, musamman a sababbin katunan Nvidia, 1.8V, kuma waɗannan sai da adafta.

Af, kafin in manta. 'Yan uwanmu na Kumasi da Tamale da suka san dumsor, da na gida masu fama da NEPA: filashin daƙiƙoƙi kaɗan yake ɗauka, amma in wuta ta ɗauke a tsakiya, rubutu ya tsaya rabi. Kar a yi shi ba UPS.

Nau'i na biyu ya fi ruɗa mutane. Kati ya tashi, Windows ta buɗe, amma hoto ya yi ƙato-ƙato, gem ya ƙi buɗewa, a Device Manager kuma ga alamar gargaɗi da Code 43. Wannan ba lalacewa ba ce. Tun ƙarshen 2016 direban AMD yake duba sa hannun kamfani a BIOS na katunan Polaris, wato dangin RX 470 zuwa 580. Da ka canja ko lamba ɗaya da Polaris BIOS Editor, sa hannun ya ɓaci, direba ya ƙi karɓar katin. Ana zagaye wannan da AMD/ATI Pixel Clock Patcher, amma duk sabunta direba sai ka sake, kuma Windows kan sabunta shi da kanta ba sallama. Wanda ya sayi katin hannu ya tarar da Code 43 ba tare da ya taɓa komai ba, ya fara zargin wannan. Bayan Ethereum ta daina haƙa da katunan hoto a Satumban 2022, katunan masu haƙar kirifto sun kwararo kasuwa, da yawa ɗauke da BIOS da aka gyara don haƙa, ba don gem ba. Maganinsu mayar da na asali, sannan a goge tsohon direba da DDU a saka sabo.

Wannan ɓacin sa hannun yana da wani ciwon kai. Sashen BIOS da ke nuna hoto a tsarin UEFI kan daina aiki, sai kwamfuta ta ƙi nuna komai har sai an kunna CSM an kashe Secure Boot. Mai Windows 11 da ke buga Valorant zai ji a jikinsa, don gem ɗin ba ya yarda sai da Secure Boot. Su kuwa Nvidia tun jerin GTX 10 suka toshe gyaran BIOS da hannu. Abin da ya rage shi ne ɗora BIOS na wani kamfani mai iyakar wuta mafi girma.

Nau'i na uku shi ne wanda nake tsoro, don shi ke kashe kati da gaske: komai lafiya sai an shiga gem. In ɗigo-ɗigo masu launi ko murabba'ai ke fitowa, yawanci memori ne aka matsa wa. HWiNFO yana nuna adadin kurakuran memori a katunan Polaris. In lambar na hawa, rage gudun. Wani lokacin ma babu ɗigo, sai dai ka ga makin gwaji ya ragu duk da ka ƙara gudu, saboda katin na sake aika bayanan da suka lalace a hanya. In allo ke daskarewa ya dawo da saƙon direba ya tsaya ya farfaɗo, to GPU ne bai samu boltej da ya dace da gudun ba. Windows daƙiƙa 2 take jira kafin ta sake tayar da direban. In kuma kwamfutar ce ke mutuwa ɗif kamar an zare soket, duba wuta.

Lissafin ba wuya. Ramin madabod yana ba da wat 75, jonin ƙafa shida wat 75, na ƙafa takwas wat 150. RX 480 na asali joni ɗaya mai ƙafa shida gare shi, jimilla wat 150. Ɗora masa BIOS na RX 580, wanda aka tsara kan wat 185, ka ce masa ya ja abin da wayoyinsa ba a yi su don shi ba. Kuma wutar da guntu ke ci tana hawa ne da boltej sau kansa: ƙarin kashi 10 na boltej ya kai kusan kashi 21 na wuta, duk zafi zai koma. Abin da ya zauna lafiya a ɗakina a nan Ingila cikin hunturu ba lallai ya zauna a Jidda ko Khartoum da rani ba.

Ra'ayina, ga mai gem da RX 570 ko 580, gyaran BIOS bai kai wahalarsa ba. Gudu, boltej, iyakar wuta da fanka duk ana saita su a MSI Afterburner ko manhajar Adrenalin, kuma in ya ƙi, sake kunnawa kawai ya wadatar. Inda na ga filashin yana da hujja shi ne Vega 56 mai memorin Samsung da aka ɗora wa BIOS na Vega 64: yana ɗaga boltej ɗin memori daga 1.25V zuwa 1.35V, abin da Afterburner ba ya iya taɓawa, kuma na asalin yana da makunnin BIOS biyu. A bidiyo na gaba zan ɗora CH341A a kan RX 570 ku ga yadda ake kama ƙafa ta 1 da jan layin maƙalin.