Yinin Mai Rubuta Manhaja da Matsalolin da Yake Fama da Su



A littafinmu na bana, mu 'yan babban aji mun zaɓi mu yi bayani a kan wata sana'a da kowa a Kasalgu yake cin moriyarta kullum, amma kaɗan ne suka san yadda masu yin ta suke yini. Duk wanda ya danna *170# ya tura wa ɗan'uwansa kuɗi, ko ya duba makarantar sakandaren da kwamfuta ta ba ɗansa bayan jarrabawar BECE, to ya taɓa aikin mai rubuta manhaja. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko waya, layi bayan layi, don ta san abin da za ta yi.

Da yawa suna zaton mai wannan aiki yana zaune ne a ɗaki mai sanyi yana ta ƙirƙiro sababbin abubuwa. Su kuwa masu sana'ar sun san cewa babban rabon yininsu a neman kuskure yake ƙarewa. To, me ya sa haka?

Kwamfuta ba ta zato

In Inna ta aiki yaro ya sayo gishiri wajen mai teburin bakin hanya, ya tarar ta tashi, ai zai wuce tebur na gaba ya sayo. Ba sai an gaya masa ba. Kwamfuta fa ba haka take ba. Abin da aka rubuta mata shi kaɗai take yi. In ba a rubuta abin da za ta yi in mai tebur ta tashi ba, sai ta tsaya cik, ko ta koma gida da hannu biyu.

Mu 'yan allo wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ba'un da ta'un da sa'un jikinsu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su. Ka manta ɗigo ɗaya, kalma ta zama wata. Haka rubutun manhaja yake. A harshen kwamfuta da ake kira Python, in mutum ya manta ɗigo biyu a ƙarshen layin da ke buƙatar su, dukan shirin ba zai tashi ba, ko da sauran layuka dubu suna daidai.

Shi kansa tsarin jera aiki mataki bayan mataki, sunan wani malami yake ɗauke da shi. Muhammad ɗan Musa Al-Khawarizmi ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9, lokacin Halifa Ma'amun, ya rubuta hanyoyin lissafi dalla-dalla. Daga sunansa Turawa suka samo kalmar algoridim, wadda masu manhaja suke faɗi har yau.

Kuskuren da ke cikin manhaja kuwa, da Turanci sunan ƙwaro suke ba shi. Kalmar ta daɗe a bakin injiniyoyi, amma akwai labarin da ya ƙara mata suna. Ran 9 ga Satumba 1947, a Jami'ar Harvard ta Amurka, wata ƙatuwar kwamfuta mai suna Mark II ta samu tangarɗa. Da aka bincika sai aka tarar da ƙwaro na gaske, irin mai zagaya fitila da dare, ya maƙale a cikinta. Suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu. Littafin yana nan a gidan tarihi a birnin Washington.

Kuskure mai kuka da kuskure mai shiru

Kuskure iri biyu ne. Akwai wanda kwamfuta za ta tsaya ta nuna saƙo, har ta faɗi lambar layin da ta yi tuntuɓe. Wannan mai sauƙi ne, kamar yaron da ya kakare a karatu malam ya ji. Mai wahalar shi ne wanda shiri yake ta aiki lafiya lau, amma amsar da yake bayarwa ba daidai ba ce.

Ga misali daga gida. A watan Yuli 2007 Gana ta sauya kuɗinta, tsohuwar sidi 10,000 ta zama sabuwar sidi 1. Amma har yanzu in tsohuwa a kasuwar Aboabo ta ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. A ce wani ya rubuta wa 'yan adashi manhajar ajiye lissafi, bai san wannan ba. Mai karɓar zubi ta ji an ce miliyan biyu, ta danna 2,000,000 maimakon 200. Kwamfuta ba za ta yi gardama ba. Za ta tara, ta raba, ta fitar da lissafi tsaf, kuma duk ƙarya. Mai manhajar da ya san mutanensa zai sa shirin ya tambaya in adadi ya wuce kima, ya nuna kuɗin da kalmomi kafin a amince.

Kada a ce ƙananan mutane ne kawai suke faɗawa wannan rami. A watan Satumba 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mas, saboda manhajar wani rukuni tana ba da lissafi da ma'aunin Amurka, ɗaya rukunin kuma yana karanta shi a matsayin ma'aunin da sauran duniya ke amfani da shi. Kowa lissafinsa daidai ne a wajensa, mudun ne ba ɗaya ba.

Wani abin mamaki kuma, in ka ce wa Python ta haɗa 0.1 da 0.2, amsar da za ta ba ka ita ce 0.30000000000000004. Dalili shi ne kwamfuta da sifili da ɗaya kawai take ƙirga, kuma akwai gutsattsarin lambobin da ba su zama cif a wannan tsari. Shi ya sa ƙwararru suke ajiye kuɗi a matsayin pesewa, wato sidi 5 su rubuta 500, don kada ɗan ragowar nan ya taru ya ɓata lissafin jama'a.

Sunayenmu da haruffanmu

Nan ne matsalar ta fi shafar mu. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta mai suna ASCII gurbi 128 kawai yake da shi, kuma don Turanci aka yi shi. Babu ɓ da ɗ da ƙ na Hausa a ciki. Babu ɛ, ɣ, ŋ, ɔ da ʒ na Dagbani, balle haruffan Larabci da ake rubutawa daga dama zuwa hagu. A 1991 aka fitar da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Duk da haka, in mai manhaja bai saita shirinsa da kyau ba, sai ka rubuta Dagbaŋ ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya a ƙarshe. Wani kuma sai ya share ƙugiyar don ya huta, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata.

Akwai kuma sunaye irin su Mu'azu da Sa'adatu. A harshen da ake magana da rumbun ajiyar bayanai, wato SQL, wannan 'yar waƙafin sama ita ce alamar farkon rubutu da ƙarshensa. In ba a yi hattara ba, kwamfuta tana isa "Mu" sai ta ɗauka suna ya ƙare, ta riƙi "azu" a matsayin umarni, ta rikice. Mutanen Ayalan masu suna irin O'Brien su ma sun sha wannan. Maganinsa sananne ne, amma sai mai manhaja ya tuna akwai masu irin wannan suna kafin ya sa shi.

Sai kuma rubutun suna. Muhammad, Mohammed da Muhammed duk mutum ɗaya ne a unguwa. A wajen kwamfuta mutum uku ne, domin harafi da harafi take gwadawa. Saboda haka muna roƙon iyayenmu, yadda aka rubuta sunan yaro a takardar haihuwa, a bar shi haka a rajistar makaranta da katin Ghana Card da rajistar layin waya. Harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum a layi yini guda.

Kwanan wata ma haka. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wata kuma 29 ne ko 30. Manhajoji da yawa kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya suke bi, wadda lissafi ce da aka tsara tun kafin lokaci. Shi ya sa wani lokaci waya take cewa yau 1 ga wata, alhali a nan ba a ba da sanarwa ba tukuna. Wayar ba ta lalace ba, ƙa'idar da aka ba ta take bi. Mai manhaja mai lura yakan bar wajen da mutum zai ƙara kwana ɗaya ko ya rage.

Wuta, ƙura da intanet

Ba kowace matsala ce daga rubutu ba. Mai aiki a Tamale yana da abokan gaba na waje. A watan Maris zafi yakan kai digiri 40, kwamfuta ta ɗau zafi ta rage gudu, ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. Da hunturu ƙura tana toshe 'yar fankar da ke cikinta. In an ɗauke wuta kuwa, duk abin da ba a adana ba ya tafi. Yayyenmu suna tuna shekarun dumsor, musamman 2015, lokacin da ake raba wuta da jadawali.

Intanet ma ba daga sama take faɗowa ba. Mafi yawanta ta cikin wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku take zuwa. Ran 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a tekun da ke gaban Kodebuwa. Gana da Najeriya da Laberiya da wasu ƙasashe suka shiga wahalar intanet, aka ɗauki makonni kafin gyara ya kammala. Mai manhaja a nan ba shi da ikon gyara wayar teku. Abin da ke hannunsa shi ne ya gina shirin da zai ci gaba da aiki ba intanet, ya ajiye bayanai a cikin waya, in layi ya dawo ya tura. Wanda bai taɓa zama inda layi ke zuwa yana tafiya ba, da wuya ya yi wannan tunani.

Yadda suke farautar kuskure

To, in an kawo ƙara cewa shiri ya ƙi aiki, me mai manhaja yake yi? Da farko yana neman ya sake jawo matsalar da hannunsa. Zai tambaya, me ka danna, wace waya ce, me ya fito a fuskarta? Shi ya sa "ya ƙi yi" ba ya taimakonsa. Ɗauki hoton saƙon ka nuna masa.

In ya ga matsalar, sai ya raba shirin biyu ya duba wane rabi ne take ciki, ya sake raba wannan rabin, har ya kai ga layin. Layi 1,000 ba ya buƙatar fiye da rabawa 10 a wannan hanya. Sannan abu ɗaya yake sauyawa a lokaci ɗaya. In ya taɓa wuri biyar tare kuma shiri ya gyaru, ba zai san wanne ne magani ba.

Bayan gyara sai gwaji, don gyaran wani wuri yakan ɓalle wani. Sannan ya ba abokin aikinsa ya karanta, kamar yadda muke biya wa juna kafin mu kai allo gaban malam, domin idon da ya yi rubutu shi ne ya fi saurin tsallake kuskurensa. Suna kuma da manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya fara a 2005. Tana ajiye tarihin kowane sauyi da sunan wanda ya yi shi, in sabon rubutu ya ɓaci a koma na jiya.

Sakaci a wannan mataki yana da tsada. Ran 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike ya tura wani sabon gyara mai kuskure ga abokan cinikinsa. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfuta miliyan 8.5 masu Windows ne suka tsaya. An soke tashin dubban jirage, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Rigakafi dai ya fi magani.

Ina ruwanmu?

Duba misalan nan da kyau. Miliyan ta tsohuwa, waƙafin Mu'azu, ŋ ta Dagbaŋ, kwanan wata da layin da ke ɗaukewa, duk abubuwa ne da yaron Kasalgu ya sani tun kafin ya taɓa kwamfuta. Wanda ke nesa ba mugunta ce ta sa ya manta da su ba, bai san da su ba ne. In babu namu a cikin masu rubutun, za a ci gaba da yi mana riga ba a auna mu ba.

Kuma an riga an fara. A watan Yuli 2021 Wikipedia ta harshen Dagbani ta samu shafinta, da ƙoƙarin 'yan sa-kai na wannan yanki. Ƙungiyar GhanaNLP ta yi manhajar fassara mai suna Khaya, kuma Dagbani yana cikinta. Ga jami'ar UDS da aka kafa a 1992, ga Jami'ar Fasaha ta Tamale, duk a kusa da mu. Python kyauta ce, haka ma Scratch da aka yi domin yara.

'Yan'uwa maza da mata, wanda ya iya zama ya maimaita layi ɗaya har ya zauna, ya wanke allo ya sake rubutawa ba tare da fushi ba, ya riga ya samu haƙurin da wannan sana'a take nema. Iyayenmu kuma, in kun ga yaro ya daɗe a gaban kwamfuta, ku tambaye shi me yake yi kafin ku yi faɗa. In wasa ne ku tsawata, in rubutu ne ku sa masa albarka.

 Allah ya kai mu baɗi lafiya. Wassalam.