Lita 70 da hanyar Damazin

Samarinmu da ke neman kuɗi a Jidda da Riyad suna yawan turo wa ƙannensu bidiyon motocin da suke gani a can: BMW M5, Mercedes-AMG E63, Dodge Charger Hellcat. Ƙofa huɗu gare su, da but na zuba kaya, ka ce motar magidanci ce mai kai iyali asibiti, alhali injin da ke cikinsu na tsere ne. Idan hirarsu ta tashi a majalisa a garinmu Mai Wurno da ke Sudan, ba ta wuce tambaya biyu: ƙarfin doki nawa ne, kuma cikin daƙiƙa nawa take kai gudun kilomita 100? Ni da na tashi a bakin kwaltar da ta fito daga Khartum, ta ratsa Wad Madani da Sinnar da Sinja har ta kai Damazin, abin da nake son sani daban ne. In an cika mata tanki, ina za ta kai mutum kafin ta nemi ƙari?

Lissafin ba shi da wuya. Kowace mota tana da yawan litar da tankinta ke ɗauka, tana kuma da yawan litar da take sha a tafiyar kilomita 100. Ka raba na farko da na biyu, ka ninka sau ɗari, ka sami nisan zangonta. Toyota Corolla mai tankin lita 50, in tana shan lita 7, za ta yi kilomita 700. Daga Khartum zuwa Damazin kimanin kilomita 500 ne, wato ta kai ka da sauran mai a ciki.

Yanzu ɗauki BMW M5 da aka ƙera tsakanin 2005 da 2010, wadda samari ke so saboda kukan injinta. Silinda goma gare ta, ƙarfin doki 507, tankinta kuwa lita 70, galan goma sha biyar da rabi ke nan a awon galan ɗinmu na Sudan mai lita huɗu da rabi. A ƙiyasin kamfanin da kansa, in an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, tana shan kusan lita 15, abin da zai ba ka kilomita 470. A cikin gari tana haura lita 22. Gaskiya ne, in ka bi ta a hankali a kan kwalta mai kyau, ƙafarka ba ta danne totur, za ta iya sauka zuwa lita goma sha ɗaya ta kai ka Damazin. Amma babu mai biyan kuɗin irin wannan mota don ya yi tafiyar Corolla da ita. In aka tuƙa ta yadda aka yi ta domin a tuƙa, wanda ya cika tanki a Khartum zai fara neman gidan mai tun yana Sinnar, bai ko hango Sinja ba. Hellcat ta Amurka, mai doki 707, ita ma lita 70 ɗin ce, kuma in aka take totur har ƙasa ba sassauci, cikin kimanin minti goma sha uku tankin zai bushe.

To me ya hana su yi mata babban tanki? Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaukar hankalina, don amsarta tana nuna wa aka yi wa motar. M5 ba ta da gangar jikinta ta kanta. Jikin BMW 5 ta yau da kullum aka ɗauka, irin wadda ma'aikacin ofis a Jamus ke hawa da ƙaramin injin dizal, aka cire injin aka sa babba. Wurin tanki kuwa yana nan yadda yake, ƙarƙashin kujerar baya, gaban tayoyin baya, inda ya fi tsira in an bugi mota ta baya. Ta tsakiyar wurin farfela ta wuce zuwa tayoyin baya, ga bututun salansa masu kauri a gefe, sai tankin ya lanƙwashe a tsakaninsu. Ƙara masa girma yana nufin cin but ko ɗaga kujera. Ga kuma nauyi: kowace lita ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, injiniyoyin da ke neman rage daƙiƙa ɗaya ba sa son ƙarin kilo talatin. Shi ya sa M5 ta 2018, mai doki 600, ta zo da lita 68. Wadda ta fito a 2024 ma, da aka haɗa mata batir da injin lantarki, dokinta ya kai 727 amma tankin ya koma lita 60, don batirin ya ci nasa wurin.

Su can wannan ba ya damunsu. A manyan hanyoyin Jamus, inda wasu sassan ba su da iyakar gudu, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ga gidan mai ba, kuma duk wanda ka tsaya akwai mai a famfonsa, dare ko rana.

Mu tarihinmu da mai wani ne. A 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen man ƙasar. A Satumban 2013, da gwamnati ta rage tallafi, a Wad Madani zanga-zangar ta fara. A 2018 motoci suna kwana a layi, direba ya shimfiɗa tabarma kusa da motarsa. A 2021 aka janye tallafin fetur da dizal baki ɗaya. Sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, wanda ya tsayar da matatar Al-Jaili da ke arewa da Khartum, inda mafi yawan man ƙasar ke fitowa kafin nan. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, ɓangare ɗaya na yaƙin, a Disambar 2023, jama'a suka kwararo kudu zuwa Sinnar, wasu gabas zuwa Gadarif. Da Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, aka sake tashi. A irin waɗannan ranaku, abin da ke cikin tankin mutum shi ne iyakar inda zai iya kai mahaifiyarsa da 'ya'yansa. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin da garinmu yake, da tazarar rijiya zuwa rijiya suke auna tafiya, da kuma abin da salka za ta ɗauka. Direban yau a hanyar Damazin irin awon da yake yi ke nan, tsakanin famfon da ya tabbata akwai mai da wanda ke biye.

Kuma lambar da kamfani ya rubuta ba ta san hanyarmu ba. Iska tana tokare mota, kuma tokarewar tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: in ka ninka gudu, ita sau huɗu take ninkuwa. Daga 100 zuwa 140 kaɗai, ta kusa ninki biyu. Ga na'urar sanyaya mota da ba ta hutawa a zafin Afrilu da Mayu. Ga shingen bincike da ramuka, kowace tsayawa da tashi tana cin mai, musamman ga mota mai nauyin tan biyu. Ƙura tana toshe matatar iska. In kuwa ka sauka daga kwalta zuwa ƙauye da damina, baƙar lakar Jazira ta riƙe tayoyi, inji ya yi ta kuka mai yana ƙonewa mota ba ta gaba, balle irin waɗannan da cikinsu ya kusa taɓa ƙasa.

Akwai kuma ingancin man. Waɗannan injuna suna son fetur mai lambar oktan 95 zuwa 98. In aka ba su wanda bai kai ba, kwamfutar da ke cikinsu tana jinkirta tartsatsin fulogi don kada inji ya lalace, sai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Man jarka na gefen hanya, wanda a lokacin ƙunci shi ne kaɗai ake samu, yakan zo da ruwa da datti, wani lokaci da gauraye. Tsohuwar mota za ta yi tari ta wuce. Mai fesa mai da matsi mai tsanani kai tsaye cikin silinda ba ta jure wannan, kayan gyaranta kuma sai an aiko daga waje. Wani abin da direbobi da yawa ba su kula da shi ba: famfon da ke tura mai yana nutse ne cikin tankin, man ne ke sanyaya shi. Wanda ya saba tafiya har fitilar gargaɗi ta kama yana gajarta ran famfonsa. Duk makanikin kirki zai ce maka kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata. Ke nan daga lita 70, hamsin da 'yan kai ne naka na tafiya.

Ba a banza boksi, wato a-kori-kura, ya zama motar yankinmu ba. Toyota Hilux ta zamani tana ɗaukar lita 80, mai injin dizal kuma in tana shan lita 9 ta doshi kilomita 900, da buhunan dawa da riɗi a bayanta. Land Cruiser ta aikin daji tana zuwa da lita 130. Ko ƙananan Hyundai Accent da aka riƙa harhaɗawa a Giad, a arewacin Jazira, tankinsu bai wuce lita 45 ba, amma ƙarancin shansu yana kai su nesa da inda M5 za ta kai in an sake mata linzami. Mai dizal dai yana da tasa damuwar, don da lokacin noma ya kama a Dali da Mazmum, da taraktoci yake takarar galan ɗaya, da kuma injunan ban ruwa na bakin kogi.

Duk wanda ke da mota, babba ko ƙarama, ina ba shi shawara ya san lambar motarsa da kansa, kada ya dogara da allurar da ke gabansa ko abin da dillali ya faɗa. Ka cika tanki har famfo ya tsaya, ka rubuta kilomitar da ke kan agogo, ka yi tafiyarka yadda ka saba da kayan da ka saba ɗauka, sannan ka sake cikawa ka ga lita nawa ta ci. In ka yi kilomita 300 ta ci galan takwas, lita 36 ke nan, motarka tana shan lita 12 a kowace ɗari. Ka sake gwajin da damina, don lambar za ta canza. Jarkar ajiya kuma, in dole ne, ta ƙarfe mai murfi gam ce, a ɗaure a bayan boksi, nesa da inda yara ke zaune.