Daga Wankan Gida Zuwa Ashanar Hannu: Zaɓin Mata Wajen Tazarar Haihuwa

Bahaushe yana da kalmar "kwanika", wato yin ciki kafin a yaye goyo, tun kafin a gina asibitin farko a ƙasarsa, kuma samuwar kalmar ya isa shaida cewa tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A da, mace ta haihu takan tafi wankan gida wurin iyayenta, mai haihuwar fari ta yi watanni kafin ta koma ɗakinta, ba a kuma yaye yaro sai ya kusa shekara biyu. Wadda ta yi ciki da ɗanyen goyo takan sha gori wurin tsofaffi, in yaron ya rame ya kama zawo a ce ai ciki ya sha. Da kunya da nesanta miji da mata aka tsare lafiyar uwa da ɗa. Yau zaman birni da ɗakin haya sun rushe wannan shinge, wankan gida ya koma kwana arba'in, wani wurin ma an daina, alhali jikin mace bai canja ba. Bukatar hutun tana nan, hanyar samunsa ce ta ɓace. Hanyoyin asibiti aikin da al'ada ta saki suke yi, kuma babbar matsalarmu ba rashinsu ba ce, rashin bayani ne da zai sa kowace mace ta zaɓi wadda ta dace da jikinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, lissafin da ya zo daidai da na kakanninmu. Ciki da shayarwa suna cin jinin uwa, idan wani ciki ya shiga kafin ta mayar da abin da ta rasa, sai ta isa ranar haihuwa da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita ya tafi da ita. Jaririn ma ya fi fuskantar zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a kowace haihuwa 100,000. Ya kuma nuna matan aure 12 cikin 100 ne kawai ke amfani da hanyar zamani, yayin da 19 cikin 100 ke son hutawa ko dakatawa amma ba sa amfani da komai. Wato masu so da ba su samu ba sun fi masu yi yawa, duk da cewa tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta. Abin da ke tsakanin waɗannan mata da abin da suke so, galibi tsoro ne da jita-jita.

Hanya ta farko tana jikin uwar kanta. Shayarwa tana hana ciki, amma da sharuɗɗa uku a haɗe: jaririn bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba koko, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi, kuma a nan ne masu cewa "ni ba na ciki sai na yaye" suke wayar gari da laulayi. Sai ƙwaya, wadda ake sha kullum a lokaci guda. Iri biyu ce, akwai mai sinadari ɗaya da ta dace da mai shayarwa, akwai mai sinadari biyu da ba a ba mai hawan jini ko mai sabon goyo. Rauninta mantuwa, shi ya sa cikin mata 100 masu shanta kusan 7 kan yi ciki a shekara. Allura ta rage wannan wahala: Depo-Provera duk wata uku, Noristerat duk wata biyu. Akwai kuma Sayana Press, ɗan ƙunshin roba mai guntuwar allura a baki, wanda bayan an koya wa mace za ta iya tsira shi ƙarƙashin fatar cinya ko ciki, ta matse, an gama sai bayan wata uku. Ga matar ƙauyen da asibiti ke mata nisa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Hanyoyin da suka fi inganci kuwa su ne aka fi jin tsoro. Wadda mata ke kira ashana ɗan siririn abu ne mai laushi, tsawonsa kamar tsinken ashana. Ma'aikaciyar jinya za ta goge cikin damtse, ta yi allurar kashe zafi, ta tura shi ƙarƙashin fata, ta naɗe wurin, duk cikin 'yan mintoci, mai shi kuma tana iya taɓawa ta ji shi a inda aka sa. Implanon kan yi shekara uku, Jadelle mai tsinke biyu ta yi biyar. Robar mahaifa mai jan ƙarfe kuma ba ta da sinadarin da ke shiga jini, tana kai shekara goma, ana ma iya sa ta nan take bayan haihuwa. A duka biyun, masu yin ciki a shekara ba su kai ɗaya cikin 100 ba, domin babu abin mantawa. Adadin shekarun nan ba wa'adi ba ne da aka ɗaure mace da shi. Ranar da ta so haihuwa za ta je a cire, ciki kuma yana iya shiga a watan.

Kwaroron roba, na maza da na mata, shi kaɗai ke haɗa tazara da kariya daga cututtukan jima'i. Azalu, wato zubar da maniyyi a waje, da ƙidayar kwanaki ba sa bukatar magani, sai dai sun dogara ga haƙurin miji da daidaiton al'ada, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu dogaro da azalu kan samu ciki a shekara. Ƙwayar gaggawa irin su Postinor ta kwana uku na farko ce bayan an yi kuskure, ba abin mayarwa abinci ba. Juyin mahaifa kuwa, wanda a haƙiƙa ɗaure hanyar ƙwai ne, na dindindin ne, shawara ce ta wadda wani ciki zai iya halaka ta.

Masu ƙorafin cewa abubuwan nan suna rikita jini ba ƙarya suke ba, kuma ma'aikacin da ya ɓoye wannan ya cuci mace. Allura da ashana kan sa ɗigon jini a watannin farko, ko al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, robar jan ƙarfe kuma kan ƙara yawan jinin da ciwon mara. Ga Musulma wannan ya shafi sallarta da azuminta da shimfiɗarta, don haka ba abin rainawa ba ne. Amma jinin da ya ɗauke ba taruwa yake a ciki ba, bangon mahaifa ne bai yi kaurin da zai zube ba. Ɗigon kuma yana da magani, in ya ƙi a sauya hanya. Batun hana haihuwa har abada shi ma yana da tushen da aka karkatar: bayan barin allura, ciki kan yi jinkirin watanni, wata ta kusa shekara. Wadda aka faɗa wa tun farko za ta jira da natsuwa. Wadda ta karɓi allurar a kemis ba a auna jininta ba, ba a ce mata komai ba, ita za ta shaida wa matan unguwa a gidan suna cewa an kashe mata mahaifa.

Ta fuskar addini, malamai sun bambanta ƙayyade iyali da tazara. Alƙur'ani ya ambaci shayarwar shekara biyu, an kuma ruwaito daga Jabir cewa sahabbai suna azalu a zamanin Annabi (SAW). Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta hana hukuma kafa dokar iyakance 'ya'ya, ta hana yanke haihuwa ba da larura ba, ta kuma halatta tazara ta wani lokaci bisa yardar miji da mata matuƙar babu cutarwa. Masu zargin makircin Turawa su ma ba daga sama suka tsinci zargin ba, domin Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sai dai darasin wannan tarihi shi ne kada a yi wa mutum komai ba da saninsa da yardarsa ba, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ake nema wa mata a nan.

Saura maigida. Yawancin matan da ke yi a ɓoye sun fi karkata ga allura, ba don ita ta fi dacewa da su ba, sai don ba ta barin alama. A Damagaram ta Nijar an gane haka, aka kafa makarantar mazaje inda magidanta ke zama da ma'aikatan lafiya su tattauna lafiyar matansu, tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi. Mijin da ya raka matarsa asibiti ya ji bayani da kunnensa ya buɗe mata duk zaɓin da ke akwai: a auna jininta, a tambayi goyonta, a ji shekara nawa suke son hutawa, sannan su zaɓa. Tsofaffinmu sun tilasta wa maza haƙurin watanni don yaro ya ƙoshi da nono. Abin da ake nema wurin mazan yau bai kai haka tsada ba, safiya ɗaya ce a kan bencin asibiti.