Zargin maita da mutuncin mata: daga Turai zuwa duwatsun Gwoza

A watan Nuwamban 2022 labari ya iso Maiduguri cewa mayaƙan Boko Haram sun yi wa mata fiye da 20 yankan rago a wani ƙauye kusa da Gwoza. Kamar yadda rahotanni suka nuna, 'ya'yan wani kwamandansu ne suka mutu farat ɗaya, shi kuwa ya ba da umarnin a tsare mata kimanin 40 bisa zargin maita. Babu shaida, babu alƙali, babu wanda ya nemi sanin cutar da ta kashe yaran.

Tarihi ya san irin wannan ta'asa. Tsakanin 1450 da 1750 an kashe mutane kimanin 40,000 zuwa 60,000 a Turai da sunan farautar mayu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Littafin Malleus Maleficarum, wanda Heinrich Kramer ya wallafa wajen 1486, ya koyar da cewa mace ta fi namiji saurin faɗawa tarkon Shaiɗan. A garin Salem na Amurka, cikin mutum 19 da aka rataye a 1692, 14 mata ne. Zawarawa da tsofaffi da matalauta su suka fi shan wuya, sauran mata kuwa suka koyi kame baki, domin mai tsiwa ko mai rigimar gado tana iya wayar gari da sunan mayya.

A ƙasar Hausa ma nauyin camfin ya fi faɗawa kan mace. Ana cewa a nono ake shan maita, saboda haka idan aka laƙaba wa uwa, an shafa wa 'ya'yanta mata baƙin jini, manema su janye. Maƙwabta su daina sayen ƙosanta, a hana yara shiga gidanta, wani lokaci a tilasta mata tsallake majinyaci a gaban jama'a don ta saki kurwarsa.

Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya bar dubban zawarawa da tsofaffi marasa mai tsaya musu. Inda yunwa da zazzaɓi ke ɗauke yara ba tare da likita ya faɗi dalili ba, yatsa yakan nuna wadda ba ta da gata. Tsohuwa mai gigin tsufa, da ke sambatu ko yawon dare, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri ya kamata a kai ta, amma sau da yawa jifa take gamuwa da shi.

Doka kuwa tana nan. Sashe na 216 na kundin Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga wanda ya zargi wani da maita. A watan Yulin 2021 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan wannan cutarwa. Abin da ya rage shi ne aiki da su: 'yan sanda su karɓi ƙarar wadda aka zarga, ma'aikatan lafiya su riƙa bayyana wa iyaye musabbabin mutuwar yaro, ma'aikatun shari'a da na harkokin mata su isar da wannan sashe ga masu unguwanni da limamai.

Hausawa kan ce in maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. 'Ya'yan matan Gwoza ma ba za su manta ba.