Ruwan Burtsatse a Kudancin Kano: Me Ya Kamata a Gwada?

A garuruwan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, gidaje da dama sun dogara ne da rijiyar burtsatse, kuma galibi da ido da harshe ake auna kyawun ruwanta. Sai dai ruwa kan fito garau alhali yana ɗauke da cuta.

Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar SON ta fitar a 2007, ba ta yarda a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100 ba. Ta kuma ƙayyade kada sinadarin naitaret ya wuce miligiram 50 a kowace lita, dalma kuwa 0.01.

Naitaret da ƙwayoyin cuta kan tsiyayo daga masai da ke kusa da rijiya, ko daga takin gona, musamman da damina. A yankin Riruwai na Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ya wajaba a haɗa da gwajin ƙarafa.

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma ko naitaret. Don haka a nisanta rijiya da masai aƙalla mita 30, a kuma kai samfurin ruwa ɗakin gwaje-gwaje duk shekara.