Fina-finan matasa 'yan luwaɗi a cikin ƙungiyoyin daba

Fina-finan matasa 'yan luwaɗi a cikin ƙungiyoyin daba wani ƙaramin reshe ne na fina-finan rayuwar unguwannin marasa galihu, wanda aka fi shiryawa a ƙasashen Birtaniya da Amurka. Jigon labarinsu kusan ɗaya ne: saurayi da ke cikin gungun 'yan daba yana sha'awar maza 'yan'uwansa, amma yana ɓoyewa, domin ya san ranar da abokansa suka gane, duka ko kisa ne zai biyo baya. Waɗanda aka fi ambata su ne Shank na shekarar 2009 da My Brother the Devil na 2012, dukansu daga Birtaniya, sai Moonlight na Amurka da ya fito a 2016, wanda bai tsaya a kan daba kai tsaye ba amma ya fi su shahara nesa ba kusa ba.

A nan ana amfani da kalmar daba ne da ma'anar gungun matasan titi masu riƙe da yankinsu, masu sayar da ƙwaya ko yin ƙwace, masu gaba da gungun wata unguwa. Ba su yi daidai da 'yan daban da aka sani a Kano ta kowace fuska ba, amma ita ce kalmar da ta fi kusa.

Asali

Reshen ya tsiro ne a inda hanyoyi biyu suka haɗu. Ta farko ita ce fina-finan 'yan unguwa da suka yi tashe daga farkon shekarun 1990, irin su Boyz n the Hood na John Singleton a 1991, da La Haine na Mathieu Kassovitz a Faransa a 1995, da Bullet Boy a 2004 da Kidulthood a 2006 a Birtaniya. A irin waɗannan fina-finai, cikakken namiji shi ne mai zuciya, mai rama cuta, mai tara 'yan mata. Kiran mutum ɗan luwaɗi zagi ne da ake jifan abokin gaba da shi, ba a zaton akwai mai wannan hali a cikin gungun. Hanya ta biyu ita ce fina-finan samarin da ke fama da yadda za su faɗa wa iyaye da abokai abin da ke ransu, kamar Beautiful Thing na 1996, wanda aka ɗauka a rukunin gidajen Thamesmead da ke kudu maso gabashin Landan.

Tun kafin nan akwai My Beautiful Laundrette na 1985, wanda Hanif Kureishi ya rubuta, Stephen Frears ya ba da umarni. A cikinsa Daniel Day-Lewis ya fito a matsayin Johnny, Bature da ke yawo da gungun matasa masu ƙyamar baƙi, alhali yana soyayya a ɓoye da Omar, ɗan asalin Pakistan mai kula da shagon wanki na kawunsa. Ana iya cewa shi ne kakan wannan reshe. A talabijin kuma, shirin The Wire da aka nuna daga 2002 zuwa 2008 ya zo da Omar Little, wanda Michael K. Williams ya fito a matsayinsa, ɗan fashin da ke yi wa dillalan ƙwayar birnin Baltimore ƙwace. Shi dai bai taɓa ɓoye halinsa ba, kuma ba ya ƙarƙashin kowane gungu, amma ya nuna wa masu shirya fim cewa masu kallo za su karɓi ɗan luwaɗin da titi ke tsoro.

Lokacin da fina-finan suka fito yana da muhimmanci wajen fahimtarsu. A Ingila da Wales, tun 1967 doka ta daina hukunta luwaɗi tsakanin manya a keɓe, a 2003 kuma aka soke dokar 1988 da ta hana ƙananan hukumomi tallata shi, sannan aka fara ɗaura auren jinsi a 2014. A Amurka, Kotun Ƙoli ta soke dokokin hukunta luwaɗi a 2003, ta halatta auren jinsi a 2015. Ke nan ba 'yan sanda ko alƙali jaruman waɗannan fina-finai ke tsoro ba. Abokan da suka tashi tare suke tsoro. Doka ta sauya a majalisa, amma ba ta kai bakin layi ba.

Shank

Simon Pearce ne ya ba da umarnin Shank yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, Darren Flaxstone da Christian Martin suka rubuta labarin. Sunan kalma ce ta 'yan titi da ke nufin wuƙar da aka ƙera da hannu, ko kuma daɓa wa mutum ita. Akwai wani fim na daban mai wannan suna da Mo Ali ya yi a 2010, ba su da alaƙa.

Labarin ya faru ne a birnin Bristol. Cal, wanda Wayne Virgo ya fito a matsayinsa, bai kai shekara 20 ba, kuma yana cikin ƙaramin gungun da ke far wa masu wucewa da duka suna ɗauka da kyamarar wayar salula, wata mummunar ɗabi'a da ta yi tashe a Birtaniya a tsakiyar shekarun 2000. Yana son amininsa Jonno a zuci, yana kuma saduwa da baƙin maza a asirce. Mai juya gungun mace ce, Nessa, wadda ta fara zarginsa. Ranar da suka tare wani ɗalibi Bafaranshe mai suna Olivier suka hau shi da duka, Cal ya shiga tsakani ya cece shi, daga nan ya zama abin farautar mutanensa. Fim ɗin ya ƙare da sace Olivier da wani mummunan cin zarafi da aka yi wa Cal a wani kangon masana'anta.

An yi shi da kuɗi kaɗan da sababbin 'yan wasa, kuma hakan ya nuna a wasu wurare. Ya fi samun karɓuwa a bukukuwan baje kolin fina-finan 'yan luwaɗi da kasuwar faifan DVD. A 2013 Christian Martin ya yi masa ci gaba mai suna Cal.

My Brother the Devil

Wannan shi ne fim na farko mai tsawo na Sally El Hosaini, wadda aka haifa a Swansea da ke Wales, ta tashi a Alƙahira. Ita ta rubuta ta kuma ba da umarni. An ɗauke shi a unguwar Hackney da ke gabashin Landan a 2011, shekarar da tarzoma ta ɓarke a birnin a watan Agusta.

Labarin wa da ƙani ne, Rashid da Mo, 'ya'yan wani Bamisiren direban bas. Rashid, wanda James Floyd ya fito a matsayinsa, yana sayar da ƙwaya a cikin gungun DMG, yana sa wa mahaifiyarsu kuɗi a jaka ba tare da ta sani ba, burinsa kuma ƙaninsa ya yi karatu kada ya bi sawunsa. Shi kuwa Mo, wanda Fady Elsayed ya fito a matsayinsa, ba abin da yake so kamar ya zama yayansa. Bayan an kashe Izzi, aminin Rashid, a wata arangama da gungun abokan gaba, aka zuba masa ido ya ɗauki fansa. Ya kasa. Maimakon haka sai ya fara aiki wurin Sayyid, wani mai ɗaukar hoto da ya zo daga Faransa, har shaƙuwarsu ta zama soyayya. Wanda ya fito a matsayin Sayyid shi ne Saïd Taghmaoui, ɗaya daga cikin jarumai uku na La Haine, abin da ya sa masu kallo da yawa ke ganin kamar yaron wancan fim ne ya girma ya bar titi.

Wurin da aka fi tattaunawa a fim ɗin shi ne abin da Mo ya yi bayan ya gano sirrin. 'Yan gungun sun matsa masa ya faɗi dalilin da ya sa yayansa ya janye jiki, sai ya ce musu ai Rashid ya shiga harkar ta'addanci ne. A lissafin yaron, gara a ce yayansa ɗan ta'adda ne da a ce ɗan luwaɗi ne, domin na farko yana jawo kwarjini a unguwa, na biyu kuwa yana zubar da mutuncin gida baki ɗaya. Da wannan ƙarya ɗaya El Hosaini ta taɓo abu biyu: ma'aunin mazantaka a cikin gungun, da kuma irin rawar da aka saba ba matasan Larabawa Musulmi a fina-finan Turawa bayan harin 11 ga Satumban 2001 da na Landan a Yulin 2005. Wani abin lura kuma, fim ɗin bai mai da addini ko iyaye su zama mugayen labarin ba. Barazanar daga abokai take fitowa, yayin da Mo ke ƙara nutsewa cikin gungun da yayansa ke neman hanyar fita daga cikinsa.

Fim ɗin ya samu kyautar iya ɗaukar hoto a bikin Sundance na 2012, wadda aka ba David Raedeker, da wata kyautar a bikin Berlin, sannan El Hosaini ta samu kyautar sabuwar fuska a bikin fina-finai na Landan. Letitia Wright, wadda daga baya ta yi suna a Black Panther, ta fito a cikinsa a matsayin Aisha, ƙawar Mo. A cikin fina-finan wannan reshe, shi ne ya fi tsayuwa da ƙafafunsa a matsayin labarin iyali, ko da an cire batun luwaɗin.

Moonlight

Barry Jenkins ya gina Moonlight ne a kan wani wasan kwaikwayo na Tarell Alvin McCraney. Su biyun a unguwar Liberty City da ke Miami suka tashi. An kasa shi kashi uku, yarinta da samartaka da girman Chiron, 'yan wasa uku suka fito a matsayinsa. Chiron ba ɗan daba ba ne a makaranta, shi ake cin zali. A kashi na biyu, wani mai cin zali ya tilasta wa Kevin, abokin da Chiron ke so, ya naushe shi a gaban jama'a, shi kuma Kevin ya yi don kada a zarge shi. Chiron ya rama ta hanyar farfasa kujera a bayan wanda ya kitsa abin, aka kama shi. A kashi na uku ya zama ƙaƙƙarfan dillalin ƙwaya a Atlanta, da haƙoran gwal, ya mai da kansa irin mutumin da ba mai yi masa tambaya. A nan fim ɗin ya juya tsarin da aka saba: ba shiga daba ce ta tilasta masa ɓoyewa ba, neman wurin ɓuya ne ya kai shi titi.

A watan Fabrairun 2017 ya lashe kyautar Oscar uku, ciki har da ta gwarzon fim, bayan an yi kuskuren sanar da La La Land. Shi ne fim na farko mai jigon luwaɗi da ya samu wannan kyauta. Mahershala Ali, wanda ya fito a matsayin Juan, ya zama ɗan wasa Musulmi na farko da ya ci Oscar.

Makusantansu

Quinceañera na 2006 ya nuna Carlos, matashi mai shigar 'yan daba a unguwar Echo Park ta Los Angeles, wanda mahaifinsa ya kora daga gida. A La Mission na 2009, uban ne tsohon fursuna da ake shakka a unguwa, ɗan kuma yake ɓoye masa. Broderskab na ƙasar Denmark, shi ma na 2009, ya kai labarin cikin ƙungiyar masu aƙidar Nazi, sai dai jarumansa manya ne.

Suka

An soki wasu daga cikin fina-finan da cewa kullum ceto daga waje yake zuwa, daga hannun mai ilimi da rufin asiri. A Shank ɗalibi ne Bafaranshe, a My Brother the Devil ma mai ɗaukar hoto ne daga Faransa, kamar dai ba yadda za a yi yaro ya tsira sai ya bar unguwarsu da mutanensa. Wannan na iya sa mai kallo ya ɗauka ƙyamar 'yan luwaɗi ta talakawa da baƙar fata da baƙin haure ce kaɗai. Akwai kuma ƙorafin cewa cin zarafin da ake nunawa, musamman a ƙarshen Shank, ya wuce abin da labarin ke buƙata. 'Yan mata masu irin wannan hali ba su cika samun fim nasu ba. An fi ganinsu a talabijin, kamar Snoop a The Wire da Jaq a Top Boy.

Abin da bincike ya nuna

A 2017 Vanessa Panfil, masaniyar nazarin laifuka a Amurka, ta wallafa littafin The Gang's All Queer bayan ta yi hira da samari fiye da 50 a birnin Columbus na jihar Ohio, yawancinsu baƙar fata. Ta samu gungu iri uku: waɗanda kusan duk membobinsu masu neman mata ne, waɗanda suke gauraye, da waɗanda na 'yan luwaɗi ne zalla. A iri na farko ne aka fi ɓoyewa, kamar yadda fina-finan ke nunawa. A sauran biyun kuwa, da yawa ba sa ɓoye komai, wasu ma sun yi suna ne ta hanyar faɗa da duk wanda ya zage su.

Iri na uku shi ne ya fito a Check It, fim ɗin labarin gaskiya na 2016 da Dana Flor da Toby Oppenheimer suka yi a birnin Washington. Ya bi wasu matasa baƙar fata 'yan luwaɗi da masu sauya jinsi da suka haɗa gungu don kare kansu daga duka a makaranta da titi, har suka zama abin tsoro su ma, da yawansu ba su da matsuguni. Wasu daga cikinsu sun kafa kasuwancin tufafi da sunan gungun daga baya.